Farar Rigar Lambros

Litinin, 5 ga Yuni, da hantsi

Na yi wa rigar guga na rataye ta a bayan ƙofa. Yau ce ranar da Lambros zai sa ta ya tsaya gaban kyamara. To ga riga, ga ni, shi kuma yana can asibiti a gadon da ke jikin taga, tun Asabar da ciwo ya kayar da shi a kan matakala. Ni ban saba rubutu ba, hannuna na allura ne da tukunyar rini. Amma mutumin da nake kwashe wa komai in na dawo aiki shi ne a kwance, ga shi bakina bai iya shiru ba.

Shekara ashirin da ɗoriya ina yi wa kamfanin fim ɗinki da rini, shekara ashirin da ɗoriya mijina yana fitowa a mugu. Ya ci amanar abokai, ya kori marayu daga gida, ya ƙwace gonakin gwauraye, duk a cikin baƙar kwat ɗin da na rina da hannuna. An harbe shi, an jefa shi teku, wata budurwa ma ta taɓa tunkuɗo shi daga saman bene, 'yan kallo suka yi ta tafi. Sai bana Kir Notis darakta (Kir muke ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Kiriya) ya kira shi ya ce, "Kir Lambros, akwai mai gidan burodi a sabon fim ɗina. Mutumin kirki ne, farar riga yake sawa. Kai nake so."

Ranar da ya dawo da labarin ko hula bai cire ba ya sungume ni sama kamar buhun gari. A shekarunmu! Ya ce, "Argiro, na karanta har ƙarshe. A wannan ba na mutuwa."

Fitowa ɗaya ce tak, ba ta kai a shanye kofi ba. Amma tunda nake da shi ban taɓa ganin ya ƙwallafa rai a kan wani abu kamarta ba.

Talata, 6 ga Yuni, da yamma

Na kai masa miyar wake. Ya ɗan kurɓa don kada in yi faɗa.

Dattijon da ke gadon kusa da shi ya gane shi tun ranar farko, ya cire agogonsa ya cusa ƙarƙashin matashi, ya ce wa nas a sauya masa wuri. Lambros ne ya ba ni labarin, yana dariya yana dafe da haƙarƙari. Ya ce, "Kin gani, Argiro? Aiki ya yi kyau. Mutum ya ɓoye agogo saboda ni, wace lambar yabo ta fi wannan?" Ni kam raina ne ya ɓaci, na ce bari in je in gaya wa tsohon nan agogonsa ko kyauta ba ma so. Ya riƙe mini siket. Kafin in tashi tafiya shi ke ɓare wa tsohon lemo, don hannun tsohon rawa yake yi.

Haka yake tun da na san shi. Wata tsohuwa ta taɓa maka masa lema a cikin bas tana cewa, "La'ananne, ka mayar wa yarinyar nan gonarta!" Ya cire hula ya rusuna ya ce, "Gobe-goben nan zan mayar, Kaka, ki yafe ni." Ya kuma riƙe mata kwando har ta sauka. Wai labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya faɗi haka bai zauna da Lambros ba. Tabon nan da ya ratsa masa kunci, wanda 'yan kallo ke rantsuwa na wuƙa ne, jakin kakansa ne ya harbe shi yana yaro, garin ba jakin ɓaure.

Ya tambayi rigar. Na ce tana nan.

Alhamis, 8 ga Yuni, da rana

Kir Notis ya same ni a ɗakin rini, ya tsaya daga bakin ƙofa don tururi na ɓata masa tabarau. Ya ce, "Kiriya Argiro, na juya tsarin aiki, zan ɗauki sauran wuraren tukuna. Gidan burodin da muka gina zai jira shi zuwa ƙarshen wata. Daga nan kuma ba a hannuna take ba." Na ce Allah ya saka. Na juya na ci gaba da motsa tukunya don kada ya ga idona.

Kwat-kwat na 'yan bindigar fim ɗin nake rinawa. Mutane sun ɗauka baƙi muke sa wa mugu, fari ga na kirki. A allo haka ne. Amma kyamara tsirfa gare ta. Ba ta ganin kala, baƙi da fari kawai ta sani, kuma ba ta son na gaske. Ka ba ta fari tas, fitilu su doke shi, sai ya yi ƙyalli ya haɗiye fuskar mutum. Ka ba ta baƙi ƙirin, sai ya zama rami, ba aljihu ba maɓalli. Shi ya sa farar riga a ruwan shayi nake tsoma ta, ta fito kamar wadda ta sha jiki. Kwat ɗin mugu kuwa ruwan hanta ce mai duhu. Sai an haska a allo ɗaya ta zama madara, ɗaya ta zama gawayi.

Kuma ina son aikin nan, ba na ɓoyewa. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta shigo sinimar unguwa a makare, da jikoki da ƙunshin 'ya'yan kabewa, ta ɗaga kai ta ga baƙar hula da gira a ɗage, shi ke nan ta san wanda za ta zaga. Wuni guda ta yi tana wanke-wanken gidan wasu, a can ba ta da ikon zagin kowa. Lambros ya kan ce, "Drakma huɗu ta biya, Argiro. Bar ta ta sauke a kaina ta je ta yi barci mai daɗi."

Asabar, 10 ga Yuni, da safe

Na yi wa rigar guga. Ba ta yamutse ba.

Lahadi, 11 ga Yuni, bayan an taso coci

Kalliopi ta zo da ƙullin kayanta, wai za ta zauna da ni. Yayar Lambros ce, tun rasuwar mijinta take cikin baƙi daga ɗankwali har safa, kuma ba ta taɓa yarda na iya dafa wa ƙaninta abinci ba. Na ce bismillah, ga ɗaki.

Da na je ɗaukar sukari sai na ga wasu 'yan ƙunshi a bayan gwangwani. Garin rini ne na kantin unguwa, baƙi. Na san me ake yi da shi. Duk macen unguwar nan ta sani: ranar da mace ta shiga takaba, maƙwabta su zo da babbar tukunya, su kwashe kayan mace kaf, har hankici, su tsoma.

Na ce, "Kalliopi, mene ne wannan a gidana?"

Ta ce, "Tanadi ne, 'yar nan. Ranar da nawa mijin ya rasu na nemi ko ƙunshi ɗaya a unguwa na rasa."

"Ƙaninki ne fa! Jiya-jiyan nan ya ci rabin burodi!"

"Na san ƙanina ne. Ni na goya shi."

Na kwashe su na watsa a kwandon shara. Da yamma na ga sun koma bayan gwangwani. Na bar su, na gaji.

Talata, 13 ga Yuni, da la'asar

Likita ya kira ni ofishinsa. Labulensa kore ne, wanda ya rina shi bai sa gishiri ba, duk ya koɗe ta gefen da rana ke bugu. Shi na yi ta kallo har ya gama magana. Ya ce ko ina da tambaya. Na ce a'a.

Na yi wa rigar guga.

Alhamis, 15 ga Yuni, da rana

Yau Kir Pandelis da kansa ya sauko ɗakin rini. Shi ke zuba kuɗin fim ɗin, kuma bai taɓa sanin hanyar ɗakina ba sai yau. Yana tafe da wani ɗan wasa mai kumatu luhu-luhu, fuska sumul kamar ta jariri.

Ya ce, "Kiriya Argiro, ki auna wannan, ki rage masa rigar mai burodi."

Na ce, "Riga da mai ita."

Ya zauna a kan buhun gishirina ya share zufa. Ya ce, "Ba ƙin mijinki nake ba, Allah ya sani, shi ya cika mini sinima shekara da shekaru. Amma ko lafiya lau yake, tun farko na gaya wa Notis wannan ganganci ne. Ki sa wa kerkeci farar riga, mutane sai su zauna suna jiran lokacin da zai cinye tunkiya. Ya miƙa burodi, su ce da guba a ciki. Fuska ba ta ƙarya a allo."

Na ce, "Kir Pandelis, duk abin da ke allon nan ni na san irin tukunyar da ya fito."

Mai kumatun, bawan Allah, ya yi ja har kunne. Ya ce a hankali, "Kiriya, ni ban nema ba. Ina yaro Kir Lambros ya hana ni barci mako guda, ina girmama shi." Na auna shi don a rabu lafiya. Na ce rigar tana gida, sai na samu sarari.

Abin da ya fi ci mini rai, maganar Kir Pandelis ba duka ce banza ba. Mu muka koya wa mutane haka, ni da tukunyata a ciki.

Juma'a, 16 ga Yuni, da yamma

Na tarar ɗakin marasa lafiya ya koma wurin wasa. Lambros a jingine da matashi yana gwada maganarsa, tsohon mai agogo kuma ya riƙe sandarsa kamar bindiga, wai shi ne ɗan bindiga. A labarin, wani saurayi ne ake farauta, mai burodi ya ɓoye shi a bayan tanderu. 'Yan bindiga suka zo, shi kuma ya ce musu, "Ba wanda ya wuce ta nan. Ga burodi da zafinsa, ku ci ku huta."

Ya faɗa. Ɗaki ya fashe da dariya. Wani mai karyayyar ƙafa ya ce, "Kir Lambros, na rantse ko yunwa za ta kashe ni ba na cin burodin nan!" Girar ce. Da ya buɗe baki sai ta hagu ta ɗage da kanta. Ya taya su dariya har tari ya sarƙe shi.

Da suka lafa ya jawo hannuna ya ce ƙasa-ƙasa, "Argiro, in fuskar ta ƙi fa?"

Ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai yau. Kuma ba tsoron abin da likita ya faɗa ba ne, wannan ko a jikinsa. Na ce, "Haba Lambros! Fuskar da na aura ce za ta ƙi?" Ya ce ai ni idona ya lalace tun ina budurwa.

Asabar, 17 ga Yuni, da hantsi

Na rage rigar. Gefe da gefe, da wuya, da kafaɗa. Ba da awon mai kumatu na yi ba.

Talata, 20 ga Yuni, da rana

Likita ya ce gida ya fi masa. Kalliopi da ta ji ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Tsohon mai agogo ya rako mu har bakin ƙofa da sandarsa. Ya cire agogon ya danƙa wa Lambros ya ce, "Riƙe mini, in na fito na karɓa." Lambros ya ce, "Ka yi kuskure, Kawu, ka ba ɓarawo ajiya." Suka rungume juna.

Mun sa gadonsa a tsakar gida ƙarƙashin inabi, kusa da kejin kanarinsa. Ya ce tsuntsun ya rame, wai ban iya kiwo ba.

Juma'a, 23 ga Yuni, da la'asar

Kir Notis ya zo da kwalin alewa. Da ya shigo ya gan shi sai ya cire tabarau ya yi ta gogewa. Lambros ya ce, "Notis, bar goge-gogen nan, ba tabarau ba ne, haka na koma. Yaushe?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ba ya iya kaiwa bakin famfo sai an riƙe shi. Kir Notis ya daɗe yana kallon bangonmu mai farar ƙasa, ya dubi inda rana ke faɗowa. Sannan ya ce, "Laraba da hantsi. Ba kai za ka zo ba, gidan burodi ne zai zo."

A waje ya gaya mini sauran. Ya yi yarjejeniya da Kir Pandelis: za a ɗauka sau ɗaya a nan, Pandelis ya kalla. In bai yi masa ba, a sake da mai kumatu, na Lambros a jefar. Ya ce, "Kada ki gaya masa." Na ce ai shi ya fi mu sanin Pandelis.

Mutum ne, Kir Notis. Ɗan siriri kamar tsinke, ba ya iya ɗaga murya ko ga mai share ɗaki, amma in ya kafe sai dai a haƙura.

Lahadi, 25 ga Yuni, da yamma

Ya gwada maganar a gaban madubi. Girar ta ɗage. Ya sake, ta ɗage. Ya ce a kai madubin ɗaki.

Laraba, 28 ga Yuni, da asuba

Wayyo Allah, Kalliopi!

Na tashi in yi wa rigar guga, babu ita a bayan ƙofa. Na fita tsakar gida, sai ga ta a kan igiya, fara fat, har kashe ido take. Jiya ina can wurin aiki ta ɗauke ta, ta dafa ta da toka da sabulu, ta sa mata bula.

Na ce, "Me kika yi?" Da raɗa nake ihu don kada ya farka.

Ta ce, "Ke ce za a tambaya! Sau ɗaya a rayuwa ƙanina zai fito a mutumin kirki, ki sa masa riga kamar tsumman goge tukunya? Duk unguwa za ta zo kallo. Me za a ce, ba shi da mata ko ba shi da 'yar uwa?"

Na gaya mata maganganu, ba zan rubuta su ba. Sannan na zauna na yi mata bayanin fitila da ƙyalli, yadda wannan farin zai cinye masa fuska, Pandelis ya samu abin da yake nema. Ta sa hannu ta rufe baki. Na duba kicin, shayinmu bai cika cokali ba, mu mutanen kofi ne. Kantin unguwa kuma bai buɗe ba.

Sai ta ja ɗankwali ta fita. Matar da ba ta taɓa roƙon ko gishiri a wurin maƙwabta ba. Ina jin ta tana buga ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Ta dawo da shayi a cikin haɓar zanenta, na wannan gida da na wancan a gauraye. Yanzu rigar tana cikin tukunya, ita ke motsawa. Tana kuka tana cewa, "Ya isa haka? Ta yi dattin da ake so?"

Laraba, da magariba

Da guga na busar da ita. Da ƙyar na gama sai ga babbar mota da ƙofar gidan burodi da kanta da fitilu. Suka jingina ƙofar da bangonmu, suka jera burodi na gaske. Unguwa ta taru, har kan rufi. Ina jin mata suna cewa, "Ji rigar, ko wanki babu." Kalliopi ta juya ta ce, "Ku rufe mana baki, jahilai, haka kyamara ke so!"

Mai kwalliya ya zo da hodarsa zai rufe tabon. Kir Notis ya ce, "Bar shi." Aka zaunar da Lambros a kujera bayan kanta, yadda ba za a gane zaune yake ba. Ya shafa gaban rigar da tafin hannu, ya ce, "Argiro, kin rage ta." Na ce wanki ne ya sa ta shige.

Aka fara. Ya faɗi maganarsa, gira ta ɗage. Wani daga kan rufi ya yi dariya, aka yi masa tsawa. Kir Notis ya ce, "Kir Lambros, a ɗan sauke girar." Ya ce, "Ɗana, wannan girar ita ta gina gidan nan, ba ta jin maganar kowa." Aka sake, ta sake ɗagewa. Zufa ta karyo masa. Na san ƙarfin da ya rage masa bai fi na sau ɗaya ba, Kir Notis ma ya sani.

Sai Kir Notis ya waiwayo ya kamo hannuna, da baƙin rini a farcena da komai, ya tsayar da ni a jikin kyamara. Ya ce, "Kir Lambros, manta da 'yan bindiga. Kiriya Argiro ce ta dawo daga aiki a gajiye, ba ta ci komai ba tun safe. Ita za ka ba."

Ya dube ni. Fuskar nan ce da nake tararwa kullum in na turo ƙofa da yamma, wadda ban da ni da kanari ba wanda ya taɓa gani. Ya ɗauki burodi ya gutsura, ya miƙo. Ya ce, "Ba wanda ya wuce ta nan. Ga burodi da zafinsa, ku ci ku huta."

Ba wanda ya yi dariya. Kir Notis ya manta bai ce a tsaya ba, sai mai kyamara ne ya taɓa shi. Can sai matar mahauci, wadda shekara da shekaru in ta hango Lambros take tsallaka titi, ta ce da ƙarfi, "To ke karɓi mana, hannunsa zai gaji!" Na karɓa. Na ci a gaban kowa, ina ci ina sharar hanci.

Ban taɓa alfahari da mutum kamar yau ba.

Alhamis, 29 ga Yuni, da rana

Barci yake ta yi. Ya farka ya ce, "Ta ɗage?" Na ce ko motsi ba ta yi ba. Ya ce, "Munafuka, ashe tana ji." Ya ƙi yarda a cire masa rigar.

Shiru daga wurin Kir Pandelis.

Asabar, 1 ga Yuli, da la'asar

Fada ya zo. Lambros ya buɗe ido ya gan shi cikin baƙar rigarsa har ƙasa, ya ce, "Fada, kai ma baƙi suka sa maka? Gonar wa ka ƙwace?" Fada ya yi dariya har gemunsa na rawa. Sannan suka ce in ba su wuri.

Shiru daga wurin Kir Pandelis.

Litinin, 3 ga Yuli, da hantsi

Kalliopi ta rufe madubi, kamar yadda ake yi a gidan da aka yi rasuwa.

Talata, 4 ga Yuli, da yamma

Mata sun so su sa masa kwat ɗin aurenmu. Kafin in buɗe baki Kalliopi ta ce, "Da rigarsa zai tafi. Kuma kada wadda ta kuskura ta wanke ta."

Mutane sun cika titi. Tsohon mai agogo ya zo a tasi. Na miƙa masa ajiyarsa, ya juya ta a hannu, ya ce ko minti ɗaya ba a sata ba.

Laraba, 5 ga Yuli, da safe

Maƙwabta sun zo da babbar tukunyarsu. Na ce su mayar, ni da rini ke ciyar da ni ba zan ari tukunya ba. Kalliopi ta sauko da 'yan ƙunshinta daga bayan gwangwani. Na ce ta ajiye. Na haɗa nawa yadda na saba haɗa wa kwat ɗinsa, na tsoma komai, har hankici.

Da na shanya rana ta buga, matar mahauci ta matso ta kanne ido. Ta ce, "Kiriya Argiro, wannan fa ba baƙi ba ne. Da ja-ja a ciki. Mutane za su yi magana."

Na ce, "Baƙin da ya sa shekara ashirin ke nan kuna zaginsa. Lokacin ba wadda ta ce bai yi baƙi ba."

Kalliopi ta taya ni matse sauran.

Asabar, 8 ga Yuli, da safe

Na ɗora dutsen guga a wuta kafin in tuna.

Talata, 11 ga Yuli, da rana

Kir Notis ya zo. Ya ce Kir Pandelis ya kalla shi kaɗai, ya sa aka maimaita masa, ya fito yana fyace hanci yana zagin ƙurar ɗakin. Ya sallami mai kumatu. Abin da ya ce kawai, "A bar shi yadda yake." An rushe gidan burodin jiya.

Na so in ruga gida in gaya wa wani. A gida nake.

Juma'a, 14 ga Yuli, da yamma

Kir Notis ya aiko mota ta kai mu kamfani, ni da Kalliopi. Ba a gama fim ɗin ba, amma ya haɗa mana wurin mai burodi da hoton 'yan bindigar da ya ɗauka daban. Ya zaunar da mu a ƙaramin ɗakin majigi, ya fita ya ja ƙofa.

Aka kashe fitila. Sai ga bangonmu, ga ƙofar, ga Lambros. Rigar nan fara sol, ko wane maɓalli ana gani, ga fuskarsa a sarari da tabon jaki da komai. Kalliopi ta ce, "Ikon Allah. Fara ce." Na ce na gaya miki.

Sai 'yan bindiga suka shigo cikin kwat-kwat ɗin da na rina, baƙi ƙirin. Babbansu ya ɗaga bindiga ya saita ƙirjinsa. Kalliopi ba ta taɓa barin fim ɗin ƙaninta ya wuce ta ba, ta kuma san yadda kowanne ke ƙarewa. Ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni, ta ce, "Argiro, harbe shi za su yi?"

Ya gutsura burodin ya miƙo mana.

Na ce, "A'a, Yaya. A wannan ba ya mutuwa."